Ciyawar da Iya Ta Tuge

Shafi na 17

Masu cewa na daɗe ban turo ba, na ji ku. Ga shi.

"Rage murya."

"Ba zan rage ba."

"Maman Ummi, na ce ki rage murya. Taga a buɗe take."

"To rufe ta mana! Ai sana'arka ce. Rufe taga, rufe ƙofa, rufe tukunya, rufe baki. Saura hanci. Shi ma ka toshe mana, kada maƙwabta su ji muna numfashi."

Mai Famfo ya miƙa hannu ya ja tagar kicin ɗin. Sai da ya ji ƙarar sakata sannan ya gane abin da ya yi. Matarsa ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta ci gaba da goge kwanon da ya riga ya bushe.

"Ka gani ko?"

"Me kike so in yi?"

"Ka shiga ɗakin can ka gaya wa mahaifiyarka gaskiya."

"Wace gaskiya?"

"Cewa ba godiya aka kira ta a yi mata ba. Cewa taron la'asar ɗin nan na korarta ne."

"Ba wanda ya ce kora."

"To me Uwar Bene ta ce maka a matattakala da safe? Maimaita min. Ina bayan ƙofa, kunnena ya ji."

Ya jingina da firji.

Uwar Bene ba ita ta gina benen ba, ba kuma nata ba ne. Tsohuwar shugabar makaranta ce, 'yar asalin garin, haya take kamar kowa. Amma ita ke riƙe da ƙungiyar masu haya. Mai gidan yana can nesa, abin da ƙungiya ta yanke shi yake bi. A dokarsu kuwa, baƙon da ya zo wurin ɗan haya ba ya zarcewa da zama sai sun yarda. Iya, mahaifiyarsa, ta zo, ta zarce.

"Cewa ta yi a zo da ita a tattauna."

"A tattauna. Da wane baki? Matar da ko zo in kashe ki ba ta ji a harshensu?"

"Ni zan fassara."

"Irin fassarar da ka saba? Ranar da maƙwabcinmu Ɗan Banki ya ce ta daina taɓa masa takalma a bakin ƙofa, me ka ce mata? Ka ce wai yana gaishe ta da aiki. Washegari har goge su ta yi ta jera."

"To kina so in ce mata me? In ce Iya, mutanen da kike tashi da sassafe kina share wa ƙofa, gani suke ƙazamai kike kiransu? In ce gaisuwar da kike bi ɗaki-ɗaki kina yi, a wurinsu leƙen asiri ce? Tsohuwa ce. Hawan jini gare ta. Can gida wa ya rage mata? Kabarin Baba, da kangon da ruwa ya cinye."

"Shi ya sa za ka gaya mata. Ta shiga da saninta. Ba ta shiga da kwanon tumatir ba."

Tumatirin nan shi ne mafari. Da Iya ta zo, zaman ɗaki ya ishe ta, ta samu wani lungu a bayan tankin ruwa ta tona ta zuba iri. Ba mai zuwa wurin sai ɗanta, don haka ba wanda ya tanka. Abu ya yi kyau, ya zuba 'ya'ya jajawur. Daɗi ya kama tsohuwa. Shekaranjiya yana wurin aiki, ta ɗauki tsohuwar wuƙar kicin ta fito gaban bene, inda ake rainon wata lallausar ciyawa da jerin furanni. Ta tuge su tas. Ta ja kunyoyi, ta dasa tumatir da barkono, kowane ɗaki da layinsa.

Da ya dawo ya same ta zaune a bakin aikinta, ƙafa duk laka, baki har kunne.

"Babana, dubi asarar da suke yi," ta ce masa. Sunan mahaifinta gare shi, ba ta taɓa kama sunan ba. "Ƙasa mai kyau haka, a ce ciyawa ake ba ruwa? Ko akuya ba su da ita."

Ya ɗaga kai. Tun daga ƙasa har sama labule sai motsi yake.

"Na san mutanen nan," ya ce wa matarsa yanzu. "Na fi ki saninsu. In aka bi su a hankali..."

"A hankali! Tun ina amarya nake jin a hankali. Na daina soya albasa sai taga a rufe, ina hawaye kamar mai takaba. Na ninke zannuwana na danne a ƙasan akwati. 'Yan'uwana sun ɗauke ƙafa, don ka ce dariyarsu tana hawa bene. Ka hana yarinya harshen gida, wai kada bakinta ya karkace a makaranta. Yau ga ta ga kakarta ɗaki ɗaya, sai nuni da hannu kamar kurame. Duk na yi. Me aka ba mu?"

"An bar mu mun zauna lafiya."

"Na kabari ma lafiya suke kwance."

"Maman Ummi!"

"Abban Ummi, kututture komai daɗewarsa a ruwa ba ya zama kada. Babu banɗakin da ba ka durƙusa a ciki ba a benen nan. Ka taɓa zama a falon wani? Kai da ke kawo musu ruwa, an taɓa miƙo maka shi a kofi?"

Ya ɗauki sifanar da ke kan firji ya zura a aljihu. Ya sake zaro ta ya ajiye. Ba gyara za shi ba.

"In ba za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"Bismillah. In jininta ya hau ta zube, ke za ki ɗauka."

Ta kife kwanon.

*

Iya na zaune a bakin gadon Ummi, ta ci ado. Zanen da ta ɗaura ranar aurensa ta fito da shi, warin akwati bai gama fita ba. Ga tumatir a gabanta, tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana gogewa da gefen mayafi.

"Babana, shigo. Wannan ƙaton na shugabar nan ne mai tabarau. Kullum fuskarta a ɗaure, baiwar Allah, ina jin ciwon ciki ke damunta. Wannan mai kyan kuma na angona ne."

Angon nata wani tsohon direba ne da ke zaune shi kaɗai a hawa na ƙarshe, 'ya'yansa sun manta hanyar gidan. Wata safiya ta je gaisuwarta ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta tsaya ta yi ta kururuwa har aka ɓalle ƙofar, aka same shi kwance a banɗaki, numfashi sama-sama. Tun daga nan take hawa ta kai masa ruwan zafi. Su zauna, ita tana nata yaren, shi yana nasa, su yi ta dariya.

"Iya."

"Na'am."

Ya buɗe baki. Idonsa ya sauka a kan hannuwanta. Ta wanke su, amma ƙasa na nan a ƙarƙashin farata.

"Kin sha maganinki?"

"Na sha. Kai dai faɗi abin da ya kawo ka. Tun kana goye na san wannan tsayuwar."

"In mun je, kada ki yi dogon bayani. Mutanen nan ba sa son yawan magana. Ki zuba musu ido kawai. Duk abin da kika ga sun yi, ke ma ki yi. In sun zauna ki zauna. In sun tashi ki tashi."

"Yo ni za ka koya wa zaman duniya? In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ai sai ka nemi tsumma ka ɗaura. Ubanka ya sha faɗa." Ta yi dariya, ta rufe kwanon. "Sai dai ka ce musu kada su wahalar da kansu da wata godiya. Maƙwabci ai ɗan'uwa ne. Ranar da na mutu su za su fara shigowa kafin dangi su ji."

Ya juya ya fita, kafin ta ga idonsa.

*

Suka sauko su uku. Shi a gaba, yana taka matattakala a kan yatsun ƙafa yadda ya saba. Iya a tsakiya da kwanonta, takalminta na ƙara fat fat fat. Maman Ummi a baya. Sai da suka kai ƙasa ya lura ta ɗaura ɗaya daga cikin zannuwan ƙasan akwatin. Ya dube ta. Ta dube shi. Ya kau da kai.

Ɗakin taron na kusa da inda ake ajiye motoci. Ya san ƙofar. Ya taɓa canja bututun da ya bi ta bayanta, ya ɗauka sito ne.

Ba sito ba ne.

Kujeru ne a zagaye, kowace ta lotsa daidai jikin mai ita. Butar shayi na tururi a kan tebur. Kofuna a rataye a bango, duk wanda ya shigo sai ya miƙa hannu ya ciro nasa ba tare da ya duba ba. Ga hotuna. A wani suna tsaye a tsakar gida suna dariya, Ɗan Banki da gashinsa cike da kai. Yanzu sanƙonsa har sheƙi yake.

Su kuma benci aka jawo musu daga waje.

Iya ba ta zauna ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana rusunawa, tana miƙa tumatir da hannu biyu. Wasu suka karɓa suka riƙe kamar an ba su ɗan tsako. Ɗan Banki ya ajiye nasa a ƙasa kusa da ƙafar kujera. Uwar Bene ta nuna tebur da yatsa.

"Ranki ya daɗe," in ji Mai Famfo da harshen garin, "tun yaushe ake zama a nan?"

"Tun da aka gina benen. Duk ƙarshen wata."

"Ban taɓa ji ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba." Ta gyara tabarau. "Kuma gaskiya mun ga kamar ba ka da ra'ayi. Ku ba ku cika son shiga mutane ba. Ka dawo, ka shige, ka rufe ƙofa. Ko muryar iyalinka ba ma ji. Har mukan ce, mutanen nan me suke ɓoyewa ne?"

Mai Famfo ya nuna waje da hannu.

"Ke kika ce min. Ranar da na tare, a bakin matattakalar can. Kika ce nan ba a son hayaniya, ba a son shisshigi, kowa da ƙofarsa."

"Na ce haka? To ai gaskiya na faɗa. Amma kamun kai daban, ware kai daban."

"A ina iyakar take, ranki ya daɗe?"

"Ɗan gari ya sani," in ji Ɗan Banki, yana hura shayi. "Ba abin da ake koyarwa ba ne."

"Kuma mu mun ɗauka na ɗan lokaci ne," wata mai jego ta ce daga gefe, jaririnta na barci a keken tura jarirai. "Ai mun ga irinku in sun samu abin da suka zo nema, komawa suke."

"A asibitin bayan layin nan aka haifi 'yata," in ji Mai Famfo.

"Allah sarki, Ummi! Yarinyar kirki. In tana magana ba za ka taɓa cewa taku ce ba."

Ya ji farcen matarsa ya nutse a cinyarsa.

Iya ta jawo hannun rigarsa. "Me suke cewa?"

"Gaisuwa ce, Iya."

"Ashe gaisuwarsu da tsawo. Kai ka ce ba sa son magana."

Aka fara. Ɗan Banki ya kawo maganar takalma. Wani ya kawo ta shara, ya ce shi ma yana da tsintsiya, bai roƙi kowa ba. Mai jego ta ce ta juya ɗauko makulli, ta waiwayo ta ga tsohuwa ta cire mata ɗa daga keke ta rungume tana masa waƙa, har yau in ta tuna gabanta faɗuwa yake. Mai Famfo na cewa a yi haƙuri. A yi haƙuri. A yi haƙuri. Duk wanda ya gama, Iya ta gyaɗa masa kai tana murmushi, ta ce, "Ba komai, ɗan nan, yi wa kai ne."

Sai Uwar Bene ta cire tabarau. Muryarta ta sauya.

"Furen nan ja na bakin ƙofa. Mijina ya dasa shi da hannunsa, shekarar da ciwo ya kama shi. Bai ga ya buɗe ba. Kullum da safe ni ke ba shi ruwa. Na fito na same shi a kwandon shara, saiwa a sama. Ka gaya mata. Ina so ta ji."

Ido ya koma kan Mai Famfo.

Maman Ummi ta matso da bakinta kusa da kunnensa, da harshen gida. "Wannan kam ka gaya mata. Ita ma miji ta binne. Wallahi in ta ji, da gwiwa za ta je gaban matar nan. Faɗa mata, ƙila ma a daidaita."

Ya san gaskiya ta faɗa. Amma in ya faɗi wannan, sai ya faɗi ta takalma. Sai ya faɗi ta shara, da ta gaisuwa, da ta jariri. Sai ya warware ƙaryar tun daga ranar da ya ɗauko ta a tasha, a nan, a gaban mutane, tana sanye da zanen aurensa.

"Iya, ta ce... mijinta ma mai son shuka ne. Ya rasu."

"Wayyo! Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ka ce mata shi ya sa na ba ta layin gaba, mai samun rana. Ka ce da yana raye da ya ji daɗi, ya ga an raba wurin da ciyawar banzar nan. Har wata 'yar ƙaya na tuge a bakin ƙofa, ta yi min gardama, dubi abin da ta yi min."

Ta ɗaga hannu tana nuna wa Uwar Bene karcen. Tana dariya.

Uwar Bene ta dubi hannun. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta mayar da tabaraunta.

"Dariya take?"

"A'a, ranki ya daɗe. Cewa ta yi ku yafe mata. Ta ce ba ta sani ba. Ta yi nadama."

"Haka fuskar nadama take a wurinku?"

"Labarin zuciya a tambayi fuska," in ji Ɗan Banki.

Mai Famfo ya miƙe tsaye. Gwiwoyinsa sun saba durƙuso, da ƙyar ya hana su.

"Zan gyara wurin. Da hannuna zan tuge abin da ta dasa, in nemo ciyawar, in nemo irin furen duk inda yake. Ba za ta ƙara shara ba. Ba za ta ƙara ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. In ta kama, in zan fita aiki sai in kulle..."

Ya ji abin da bakinsa ke shirin faɗa. Ya tsaya.

"Zauna, Mai Famfo," in ji Uwar Bene, a tausashe. "Kai ba mu da matsala da kai. Kai daban ne. Kullum da kai muke misali. In aka kawo kukan irinku daga wasu gidajen, mukan ce ku zo ku ga namu, ko tarinsa ba a ji."

"Ɗazu kun ce na ware kaina."

"Kada ka ja magana. Ita muke magana a kai. Ita ba za ta canja ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ta haɗa hannuwa a kan cinya. "Ga yadda za a yi. Za a ɗaga hannu. Duk wanda ya ga zaman baƙuwa ya isa haka, ta koma inda ta fito kafin wata mai kamawa ya ƙare, sai ya ɗaga. Ku kuma ku ci gaba da zamanku lafiya."

"Ba ta da kowa a can."

"Wannan maganar danginku ce, ba tamu ba."

"Ni ne dangin."

Ta yi kamar ba ta ji ba.

"Abu na ƙarshe. Muna so baki ya zo ɗaya. Ba ma son gobe a fita waje ana cewa an taru an yi wa wani wariya. Mu ba haka muke ba, kai ma shaida ne. Don haka daga yau kai ma ɗan ƙungiya ne. Hannunka ɗaya da na kowa." Ta waiwaya. "A ba shi kofi."

Wani ya tashi ya buɗe kabad, ya fito da sabon kofi, ya hure ƙurar ciki, ya tsiyaya shayi, ya ajiye a kan bencin kusa da shi.

Iya ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. "Ka gani ko? Girmamawa ta zo. Sha mana, Babana, kada su ce ka raina."

Bai taɓa kofin ba.

"In ban ɗaga ba fa?"

Ɗan Banki ya kurɓi shayi. "Sai mu sanar da mai gida cewa ɗakinku bai yarda da dokar bene ba. Ka san sauran."

Ya sani. Duk aikin da yake samu a unguwar nan ta bakin mutanen nan yake zuwa. Ummi na ajin ƙarshe, jarrabawa a gabanta. Kuma ya san yadda fuskar masu ba da haya take komawa in suka ji daga inda ya fito, balle a ce koro shi aka yi.

Ya juya wurin tsohon direba. Yana can kujerar lungu, sandarsa tsakanin ƙafafu, tumatirinsa a cinya yana jujjuya shi.

"Baba, kai fa? Ka ce wani abu. Da ba ta ƙwanƙwasa ƙofarka ba ran nan..."

"Na sani." Tsohon bai ɗago ba. "Mutuniyar kirki ce. Ni ban kawo ƙararta ba."

"To ka faɗa musu."

"Yaro, da su na tsufa. Su za su ɗauki gawata."

"Mu je," in ji Uwar Bene.

Ɗan Banki ya fara. Sai na kusa da shi. Sai mai tsintsiya. Mai jego ta ɗaga nata rabi, ta dubi Uwar Bene, ta ƙarasa. Hannuwa suka yi ta tashi suna zagaye ɗakin. Na tsohon direba ne ya zo ƙarshe, ɗaya hannun ya damƙe tumatirin, idonsa a ƙasa.

Saura benci.

Duk ido ya dawo kansa.

"In ka ɗaga hannun nan," in ji Maman Ummi ta tsakanin haƙora, "wallahi kada ka ƙara taɓa ni da shi." Muryarta ta karye. "In kuma ba ka ɗaga ba..."

Ba ta ƙarasa ba.

Hannun na kan gwiwarsa. Hannun da ya shiga makwararar kowane ɗaki a benen nan har kafaɗa. Ya yi masa nauyi kamar tanki cike da ruwa. Ya ji yatsunsa sun motsa, bai san ko shi ya motsa su ba.

Sai ya ji ƙarar kwano a gefensa.

Iya ce. Ta dubi dama, ta dubi hagu. Ta ga shugaba mai tabarau, ta ga mai takalma, ta ga har angonta. Da sauri ta ajiye kwanon a ƙasa, ta goge tafinta a jikin zane, ta ɗaga hannu. Ta ɗaga shi sama sosai, ya fi na kowa tsawo. Awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Karcen ƙayar nan ya fito fili.

Tana murmushi.

Wani ya yi tari. Mai jego ta sunkuyar da kai. Uwar Bene ta buɗe baki, ta rufe. Ba wanda ya sauke hannunsa, ba kuma wanda ya iya dubanta.

Maman Ummi ta toshe baki da mayafi.

Iya ta zungure shi da kafaɗa, ta yi ƙasa da murya kada ta ba shi kunya a gaban mutane.

"Babana, kowa ya ɗaga, kai ake jira. Ba kai ka ce duk abin da suka yi mu yi ba? To me ya riƙe maka hannu?"